Fatar da Ba Wanda Ya Tambaya

Zuwa ga manyan malamai masu tsara karatun likitoci a ƙasarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni mahauci ne a Djougou, fawa na gada daga kakana. Ban san abin da kuke koyarwa ba, abin da ya same ni kaɗai na sani.

Na farko. A sana'armu, saniya ba ta mutuwa muna kallo. In ta faɗi, wuƙa ake ruga wa kafin ta zama mushe. Haka muka yi wa wata saniya damina waccan a wata ruga bayan Kolokondé. Ƙanena Habu ya feɗe ta, muka ga jinin baƙi, saifar ta kumbura, muka ce gajiyar hanya ce. Naman ya tafi, Allah ya tsare waɗanda suka ci. Fatar kuwa na kai gida na shanya, don matata Hajara ganda take dafawa tana sayarwa.

Na biyu. Bayan kwana huɗu ƙurji ya fito wa Habu a hannu, kansa baƙi ƙirin kamar gawayi. Yana Parakou lokacin, ya je wani asibiti. Likitan matashi ne mai ladabi, kallo ɗaya ya gane ciwon. Ya ce sunansa sharbon, daga dabba ake ɗauka. Ya rubuta magani, Habu ya warke sarai, har muka aika wa likitan da kilishi. Bai tambayi inda aka yanka saniyar ba, balle wanda ya taɓa ta, balle inda fatar take. Mu kuma da muka ga mutum ya miƙe, sai muka ɗauka magana ta ƙare.

Na uku. Mako biyu bayan nan Hajara ta jiƙa fatar ta kankare. Nata ƙurjin a wuya ya fito. Ta ce maruru ne, ta ƙi barin tukunyarta, ni ma ban matsa ba, kuma wannan laifina ne, ina ɗauke da shi. Da kumburin ya kama maƙogwaro muka sa ta a mota. Ba ta kai ƙofar asibiti ba. Shekara goma sha tara muna tare, ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. 'Ya'yanmu huɗu, ƙaramar har yanzu takan ajiye mata ruwan alwala.

Bayan sadakar arba'in wani malamin dabbobi ya gaya mini cewa irin wannan fatar binne ta ake yi da zurfi, kuma ciwon na iya yin shekaru a jikin fatar. Na koma Parakou da fushina. Likitan bai kare kansa ba. Ya ce an koya musu bin ciwo har inda ya fito, amma a takarda, 'yan makonni kafin jarrabawa, kuma a duk shekarunsa na karatu bai taɓa taka mahauta ba. Idonsa ya kawo ruwa. Na fito fushin ya bar ni, baƙin cikin ya zauna.

Don haka nake roƙonku, ranku ya daɗe. Kada darasin lafiyar jama'a ya zama na cike gurbi. Ku turo ɗalibanku mahauta da kasuwar shanu, su zauna da malaman dabbobi, mu ma za mu nuna musu yadda muke aiki ba ɓoye-ɓoye. Kuma kada ku ba ɗalibi takardar likita sai ya saba tambayar majiyyaci sana'arsa da waɗanda ya baro a gida.

Ba na neman a hukunta kowa. Kwana ya ƙare, na yarda. Amma fatar nan ta yi mako biyu rataye a katangata, ni ma na shanya ta da hannuna. Da likitan ya ce wa Habu, "Ina sauran saniyar?" da na tona rami ran nan.

Allah ya ƙara muku basira, ya sa albarka a ɗalibanku, ya jiƙan Hajara.

Wassalam, daga mai girmama ku,
Mamman Sani Mahauci, Djougou.