Kada Ki Baro Karatun Zuciyar Nan

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma sanyin Jos bai kwantar da ke ba. Mu nan Koki lafiya lau. Ƙannenki suna zuwa makaranta, ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana taka tsakar gida. Baffanki lafiyarsa ƙalau, ban da fushi. Wadda ba ta da lafiya ita ce magen gidan nan, zan zo kan maganarta.

Takardarki ta iso, na karanta da kaina, a hankali, da yatsa a kan layi. Kin ce za ki haɗa kayanki ki baro kwas ɗin kafin jarrabawa, don kada a ci gaba da yi da ni a unguwa. Tun ranar abinci bai zauna mini ba. Ban ce ki dawo ba, kuma ba zan ce ba.

Bari ki ji yadda abin ya faru daga bakina, tunda wasu sun riga ni kai miki. Hajiya Tabawa maƙwabciyarmu ta ji an ce kin tafi ƙaro ilimin ciwon zuciya, sai ta shigo da murna, wai in kin dawo ki duba mata Alhaji, ya huta da layin asibiti. Na gaya mata ke nas ce ta asibitin dabbobi, zuciyar karnuka da maguna kike karanta. Ta yi dariya har ta dafa bango. Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Soron Ɗinki. Shi ne Baffanki ya kira ni soro, ya ce da ƙaninsa mahaifinki yana raye ba zai bar 'yarsa ta ɗora kunne a ƙirjin kare ba. Allura da wankin ciwo ya haƙura da su, wannan kuwa ya yi yawa. Ya ce bayan Juma'ar sama zai sa a je a taho da ke.

Ni kuwa ban manta da tsohon mafaraucin nan na Goron Dutse ba, wanda ya goyo karensa a kan keke ya kawo wurin aikinku. Kin ce karen yana tari, cikinsa ya kumbura, tafiya kaɗan sai ya zube. Likita ba ya gari, kika ba da maganin tari da na tsutsa, iyakar abin da aka koya miki. Da likita ya dawo ya ce zuciya ce, amma lokaci ya wuce. Kin zauna a bakin murhu ba ki ci tuwo ba, kika ce, "Umma, na ɗora masa abin sauraro, na ji wani abu, amma ban san me na ji ba." Wannan ne ya kai ki Jos. Dariyar Tabawa ba ta kai ta dawo da ke ba.

Kin san da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, shekarar da sojoji suka koma bariki. So nake in karanta takardun 'yan siyasa da suka cika katangarmu, in san wa zan dangwala wa. An yi mini dariya a hanya, har da masu tambayar ko gwamna zan zama. Da na zauna a gida, yau sai na nemi mai rubuta mini wannan takarda, shi ma ya ji sirrinmu.

To, maganar mage. A takardarki ta farko kin rubuto cewa malamarku ta ce kare yakan yi tari in zuciyarsa ta gaza, amma mage ɓoyewa take yi, sai dai a lura da numfashinta. Tun daga nan nake kallon tamu. Ta daina hawa katanga. Tana shigewa bayan randa ta ƙi fitowa. Shekaranjiya na gan ta tana haki baki buɗe, alhali ba gudu ta yi ba. Kin san a kan buzun Baffanki take kwana, kuma shi yake tsame mata nama daga kwanonsa. Jiya na same shi a tsugune a bayan randar yana lallashinta da nono. Na gaya masa abin da kika rubuto, na ce abin da yake son a katse miki ke nan. Bai janye maganarsa ba. Amma da zan fita ya tambaye ni ko ana iya yi mata wani abu.

Don haka ki rubuto mini abu biyu. Me zan ce wa likitanku ya duba in na kai ta, kuma yaya zan ɗauke ta ba tare da na firgita ta ba? Sannan ki rubuta a fili cewa kina nan har ki gama. Zan kai wa Baffanki soro in karanta masa da bakina. In ya ce sai an tafi ɗauko ki, ni zan tsaya a ƙofa. Ke ma na san halinki, irin na magen ne, kina ɓoye damuwa sai ta yi yawa. In ba kya barci ko kina jin tsoron jarrabawar, ki faɗa mini.

Tun da na haife ki ban taɓa kiran sunanki ba, saboda kunyar ɗan fari. Yau na rubuta shi a bayan ambulan da hannuna, Bilkisu, kuma ina so in sake karanta shi a kan takardar shaidarki. Allah Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa kunnenki ya gane abin da yake ji, Ya dawo da ke a ranar da ya kamata. Ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda amsarki, ta same ni kafin Juma'ar sama.

Mahaifiyarki,
Umma