Ba Ka Ce Wane Mai Ba

Abban yara,

Na tarar kana barci, ni kuma na makara wurin aiki. Sabon takalmin fatarka yana bayan ƙofa, amma karanta wannan kafin ka sa.

Jiya ka ce in shafa masa mai ya yi laushi, don kada ya ci maka ƙafa ranar da za ka fara aiki. To, ba ka ce wane mai ba. Na shafa wa na dama man gyaɗa, sai Inna ta shigo ta ce fata ba ta son komai sai man shanu, na shafa wa na hagu shi. Da safen nan na dama ya yi baƙi ƙirin, na hagu kuwa dabbare-dabbare, ga kiyashi. Na kakkaɓe, amma ka ƙara leƙa ciki.

Mai gyaran takalma sai azahar yake fitowa, kai kuma da hantsi ake jiranka. Wallahi na rasa wanne na gyara, wanne na ɓata. Ka yi haƙuri.

In shugaban naku ya tambaya, ka ce uba ɗaya suke, uwa ce kowa da tasa.

Maman yara