Furfurar da Kika Yi Bayan Kin Tafi

Zuwa ga Hajara, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙasa ta yi maki sauƙi. Malam Yohanna maƙwabcinmu ke rubutawa, ni ke faɗa, kin san ni da boko.

Kin tuna Baturen nan mai aikin titi, shekarar da kuɗin fetur suka cika Katsina da babura? Wanda ya kawo mani gyaran abin adon ƙirji na azurfa a maƙerata ta Ƙofar Ƙaura? Cikin gilashinsa gashin kakar kakarsa ne aka saƙa kamar tabarma. Ya ce haka mutanensu na da ke yi in sun yi rashi. Da na nuna maki, kika ja da baya kika ce, “Baiwar Allah, an binne ta da saura.”

Ke kuwa in kin yi tsifa sai ki dunƙule abin da ya zuba ki cusa a tsagar bango, wai kada tsuntsu ya yi sheƙa da shi ki kwana da ciwon kai.

Ranar da kika tafi, mata suka tare ƙofa. Ko fuskarki ba su bari na gani ba. Har gobe ban yafe ba. Bayan sadakar bakwai na je bangon na zaro naki, na saƙa, na rufe shi da gilashi cikin zobe.

Hajara, da baƙin gashi kika tafi, baƙi wuluk. Bara da rana tsaka ina bakin zuga na ga sili ɗaya fari cikin zoben. Yanzu rabi ya yi furfura. Gilashin nan kuwa ni na liƙe shi, ba a taɓa buɗewa ba.

Babban ɗanki ya kawo liman, wai na hana ki kwanciya, a binne zoben ranar Juma'a. Yaron da na goya! Na ce sai dai su haɗa da yatsan.

Ke kaɗai zan ji. In wahala kike sha, ki mai da shi baƙi kafin Juma'a, ni da kaina zan haƙa ramin. In kuwa tsufa kike taya ni, ki ƙara farin sili ɗaya.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa in tarar da ke cikakkiya.

Mijinki mai taurin kai,
Ɗan'azumi Maƙeri

Af, Malam Yohanna ya leƙa zoben yanzu, ya ce daga wannan layin zai ajiye biro. Wai ba zai ƙara rubuta komai ba.