A Koma Ɗaya

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na rufe shagon ɗinki na kai Baba wajen masu gashin ƙashi. Shekara biyu kafaɗarsa ta dama tana cinsa, yanzu ko hula ba ya iya ɗora wa kansa. Yaya dai sai waya: "Ki yi haƙuri, ke ce kusa." E, ni ce kusa. Kullum ni ce kusa.

Likitar ba za ta wuce sa'ata ba. Ɗan ɗaki ne, gado mai shimfiɗar leda, igiya rataye a bango. Ta daɗe tana danna masa wuya da allon kafaɗa, ta ce jijiyoyin sun ɗaure, har da damuwa a ciki. Damuwa! Tsohon hedimasta? Ai shi yake raba wa mutane ita.

Ta koya min aikin gida. In ɗaga masa hannun a hankali sau goma, safe da yamma. In riƙa tambayarsa zafin, daga ɗaya zuwa goma, in ya wuce biyar in tsaya. Ta ce in mun kiyaye, nan da wata uku zai ci abinci da hannunsa. In kuma aka matsa, ana iya lalata kafaɗar ɗungurungum.

Laraba, 5 ga Nuwamba

"Nawa, Baba?" Ya ce biyu. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Biyu wai.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na ce ya gwada cokali da ɗaya hannun, tunda rabin abincin a riga yake ƙarewa. Ya ture kwanon. "Ni ba irinki ba ne, Bahaguwa."

Shekarata arba'in da ɗaya, har yau sunan bai bar ni ba. Duk ran da ya kama ni da fensir a hagu, rula goma ce a bayan hannu, kuma ni zan ƙirga. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya ce wash, a koma ɗaya. Akwai ranar da na sha talatin da huɗu. Babban yatsana har yanzu a karkace yake, almakashi ya san da shi.

Mutumin nan nake wanke wa baya kullum da safe.

Talata, 11 ga Nuwamba

A ɗagawa ta bakwai ya ce wash. Ƙasa-ƙasa, amma na ji. Bakina ya riga ni:

"A koma ɗaya."

Ya ɗago ya dube ni. Na ɗauka zagi zai biyo baya. Sai kawai ya saki hannun ya miƙo min, muka koma ɗaya.

Ba zan yi wa littafina ƙarya ba, wallahi na ji daɗi. Sau biyu na ƙara abinci da rana.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Likita ta tambaye shi, ya ce biyu. Ita kuwa baiwar Allah ta gaskata, har da "madalla, Baba." Ta ce yanzu a riƙa wuce tsayin kafaɗa. Da na buɗe baki na ce mutumin nan ko yanka shi ake biyu zai ce, da ba ta ƙara ba. Na sani. Ban buɗe ba.

Za mu fita ta ɗora min yatsu a wuya. "Ke ma nan kamar katako. Kina numfashi kuwa?" Ina ruwanki.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Ni fa gaskiya kawai nake so ya faɗa. Ya ce takwas, ya ce da zafi, ya ce ki bari. Sau ɗaya tak. Da na tsaya, Allah ne shaidata.

Sau uku muka koma ɗaya. A na ƙarshe na tura hannun har kusa da kunnensa, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin tafina, kamar zare ya tsinke a keken ɗinki. Bai yi ko tari ba. Leɓensa ne kawai ya yi fari.

"Nawa, Baba?"

"Biyu."

Na shiga kicin na kunna famfo, na tsaya ina kallon ruwan.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Kafaɗa ta kumbura suntum. An ɗauki hoto, jijiya ta yage. Sati shida hannun zai yi a rataye, bayan haka ma likita ta ce da wuya ya sake ɗaga shi sama da ƙirji. Ta juyo kaina, ba fara'a: "Sau nawa kuke yi a gida?"

Kafin in haɗiye yawu Baba ya amsa. "Ni na miƙa hannu zan ɗauko rediyo a kan kabad. Wannan ina ta ga ƙarfin ji min ciwo?"

A mota, yana kallon titi, ya ce, "Ko muguntar ma ba ki iya ba. Da hagu kike yi."

Gara a ce ya tona ni a gabanta.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Yaya ya kira. Wai Baba ya ce masa ina ƙoƙari. Na kashe wayar.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Yau ni na ba shi a baki. Ya rufe ido ya karɓa. Cokali goma sha ɗaya. Na goge masa gemu.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Ba sauran ɗaga hannu. Likita ta ce tausa kawai, a wuya da bayan kafaɗa, da ɗan mai, ba dannawa. Ban tambaye shi komai ba, fuskarsa na riƙa kallo. Gira ta motsa, in sassauta.

Kafin mu fara ya ƙwala min kira daga ɗaki, wai me nake yi har yanzu, rana ta yi. Sai a lokacin na lura a tsaye nake gaban murhu, na shanya tafukana a kan butar shayi, ina jira su yi ɗumi.

Wanki na yi da safe, hannuna ne ya yi sanyi. Ba don shi ba ne.