Daɓen Inna

Agege, Legas

Yaya Hashimu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Damagaram. Inna na gaishe ka. Ƙafar tata da sauƙi, amma likita ya ce ba maganar tafiya yanzu.

Na ji daɗin labarin masu binciken nan na jami'a. Ka ce in suka tona ɗakinmu suka tabbatar ginin kumandan Nasara ne tun zamanin Faransawa, ba za a rushe shi saboda hanya ba. Allah ya sa. Da na gaya wa Inna, sai da ta tashi zaune. Ta ce daɓe huɗu ne a ɗakin, wani bisa wani. Na ƙasa kakarmu Baiwa ce ta yi wa Nasara, lokacin da aka tara mata don aikin dole. Na sama nata ne, da makuba ta shafe shi har yana ƙyalli. Tun da muka zo nan ban ga ta yi dariya ba sai ranar.

Ka tarbi baƙin da kyau, na san ka da son fita kunya.

Ƙanwarka,
Mouna

Agege, Legas

Yaya Hashimu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonka ya iso, na karanta shi a tsaye bakin titin jirgi, na rasa inda zan zauna.

Haba Yaya. Mutane sun taso takanas don ƙasa, kai kuma ka ji kunyar su tarar da ɗakin ƙasa. Ka sa aka fasa daɓen duka, aka kwashe aka cike ramin bayan gida, ka malala siminti, har da shimfiɗa musu darduma. Ka ce shugabarsu ta tsaya a bakin ƙofa, ko ruwan da ka kawo ba ta sha ba. Yanzu ga jan fenti a bangonmu.

Na yi fushi, na yi kuka, amma na san karamci ka yi nufi. Ka fara kwashe kaya kafin masu rusau su zo.

Ban gaya wa Inna ba, kai ma kada ka faɗa. Kullum da safe sai ta tambaye ni ko baƙin sun yaba aikinta. Na ce mata sun yaba ƙwarai. Jiya ta sa na ɗaure mata kayanta, wai da ta samu ƙafa za ta koma ta gyara wajen da suka tona.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Mouna