Talatar da Inji Bai Sani Ba

Gure, daren Alhamis, uku ga watan Salla, 1996

Barci ya ƙi zuwa. Tun safe nake gaban sabon ordinatan biro, wato kwamfutar ofishinmu, ina shigar da ranakun ma'aikata. Abu uku kawai ya sani: aiki, hutun gwamnati, ko fashi.

An ga wata a Bune, duk garin nan muka yi salla ran Talata. Yamai kuwa Laraba ta ba da hutu. Yanzu injin yana jira in gaya masa mece ce Talata.

Na tambayi shef, shugaban biro. Ya ce, "Malam Isa, wanda bai zo ba fashi ya yi. Sa haka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Bukar direba fa? An riga an ja masa kunne, in ya sake fashi korarsa za a yi. Kuma ran Laraba yana hanyar Alakos da maganin dabbobi, bai huta ba."

Ya ce injin ba ruwansa da ganin wata.

Na bar gurbin Talata ba komai na taho. Gobe da safe shef zai duba. Allah ya ba ni bakin tuna masa cewa sunansa ne na farko a jerin ma'aikata, kuma ran Talatar a gidana ya wuni yana cin tuwon salla.