Jaket ɗin da Nake Bari a Rumfar Mai Faci

Zuwa ga Anti Ammatullahi,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka min da shawara, kuma kada ki yi dariya in kin ga a kan riga na rubuto miki. Na san mutane suna kawo miki maganar aure da gado da rashin lafiya, ni kuwa ga ni da jaket ɗin hawa babur. To amma wallahi jaket ɗin nan ya hana ni sukuni. Ya sa ina ƙarya a gidana kullum safiya, yanzu kuma ya haɗa matata faɗa da mutumin da bai yi mata komai ba.

Ni malamin gona ne. Ina zaune a Maisandari, aikina kuma a ƙauyukan Konduga yake, kwana biyar a mako ina zuwa ina dawowa a kan babur, shekara tara ke nan. A daminar bara ruwa ya yi min duka sau uku cikin mako guda, na kwanta da limoniya, wato ciwon sanyin huhu, sai da na yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Ranar da za a sallame ni likita ya faɗa a gaban matata Gumsu cewa ƙirjina ba zai ƙara ɗaukar irin wannan ba, ko dai in daina hawa babur ko in daina jiƙewa. Daina babur kuwa ba zai yiwu ba, domin babu motar da take shiga inda manoman nan suke in ruwa ya sauka.

Kafin nan rigar leda nake sawa, irin ta 'yan acaɓa. Ruwan sama ba ya shiga, gaskiya ne, amma kafin in kai Dalori gumi ya jiƙa ni fiye da yadda ruwan zai yi, in na cire kuma iska ta bugi gumin. Ban ga ribar abin ba.

Ina kwance a gida ina murmurewa Gumsu ta tafi babbar kasuwa wurin Nnanna, wani mai sayar da kayan babura da muka saba da shi shekaru, ta ce ya ba ta jaket mafi ƙarfi a shagonsa. Ita ta zaɓa da kanta, ba ta yi shawara da ni ba don ta ba ni mamaki. Baƙi ne wuluk, mai kauri, ya sauko har cinya, aljihunsa bakwai. An cusa wasu robobi masu tauri a kafaɗu da gwiwar hannu da gadon baya, don ko mutum ya faɗi kada ya karye. Akwai ƙananan zif biyu a hammata wai don iska ta shiga. Da ta kawo shi fuskarta kamar ranar da ta haifi ɗanmu na fari. Da sanyin Janairu na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Da zafi ya shigo kuwa, waɗannan 'yan zif na hammata ba su tsinana komai ba, amma na daure saboda ita.

Sai wata Talata a watan Afrilu, a shingen binciken da ke hanyar fita gari. Kin san yadda ake yi yanzu, ka kashe babur tun daga nesa, ka sauka, ka tura shi da hannu har ka wuce. Na sauka ina turawa, zif a zuge har wuya, na manta ban buɗe ba. Wani matashin jami'i ya shafa bayana, ya ji robar nan mai tauri, ya yi tsalle da baya ya daka tsawa. Ni kuma don wauta sai na cusa hannu a aljihun ciki in ɗauko masa katin shaidar aiki. Anti, na ji an ɗana bindiga uku lokaci ɗaya. Na tsinci kaina a kwance rub da ciki a kan kwalta mai zafi ina kalmar shahada. Sai da suka sa na tuɓe jaket ɗin a hankali, suka zaro robobin ɗaya bayan ɗaya suka duba, sannan babbansu, wani mai furfura, ya karanta katina. Ya miƙo min, ya ce da shi ne ni ba zai ƙara bin hanyar nan da wannan rigar ba. Ban ma ga laifinsu sosai ba, na san an kashe musu mutane da yawa daga kan babur. Na naɗe jaket ɗin na ɗaure a bayan babur na wuce Konduga.

Ban faɗa wa Gumsu ba. Mace ce da ko taya ta fashe a titi sai ta tattara yara ta rufe ƙofa. In ta ji an ɗana min bindiga, cewa za ta yi in bar aikin, ga yara huɗu, ni kuma ban iya komai ba sai taki da iri da feshi. Kuma ta yaya zan gaya mata cewa kyautar da ta saya don ta tsare min rai ita ce ta kusa sa a harbe ni?

Abin da nake yi tun daga ranar shi ne, in fita gida da jaket a jikina tana kallo, in na sha kwana in tsaya a rumfar Ba'ana mai faci in tuɓe in rataye, in tafi da kaftanina kawai. Da yamma in biyo in saka in shiga gida. Har Ba'ana ya fara tsokanata, wai zai fara karɓar kuɗin haya. Lokacin zafi dabarar ta yi aiki. To yanzu ruwa ya sauka. Sau biyu cikin mako biyun nan ya same ni a hanya na jiƙe sharkaf, na ɗora busasshen jaket a kan jiƙaƙƙen kaftani na shiga gida ina rawar ɗari. Tarin ya dawo, ina jin sukar nan a haƙarƙarina na dama in na ja numfashi.

Gumsu ta ga haka ta yanke hukunci cewa jaket ɗin yoyo yake, Nnanna ya sayar mata da jabu. Ranar Asabar ina barcin rana ta ɗauke shi ta tafi kasuwa, ta zazzage masa masifa a gaban mutane, har da cewa yana so ya mayar da ita mai takaba. Bawan Allah ya miƙa hannu ya karɓa. Ya cusa jarida a cikin jaket ɗin, ya zuge, ya juye masa bokiti guda na ruwa, ya buɗe ya miƙa mata jaridar a bushe ƙarau. Ta dawo gida ta rataye shi a ƙusa. Yau kwana uku ke nan tana zuba min abinci tana kallona, ni kuma ina kallon kwano.

Nnanna ya kira ni a waya. Ya gane komai, domin ba ni ne na farko ba. Ya ce in kawo ya canza min, yana da guda biyu. Ɗaya ruwan toka mai haske, rabinsa raga ce, da wata 'yar rigar ruwa ta ciki da ake cirewa a mayar. Ɗayan ruwan lemo ne mai ƙyalli irin na masu aikin titi, ruwa ba ya ratsa shi sam, amma mashigar iskarsa kaɗan ce, kuma na san manoma za su mutu da dariya in sun hango ni. Ga shi ana ta raɗe-raɗin za a hana babur gaba ɗaya a gari, ban san ma ko wahalar banza nake yi ba.

Anti, abin ya ishe ni. Ruwa ya ce in rufe jiki, zafi ya ce in buɗe, mai bindiga ya ce kada in ɓoye komai, likita ya ce kada in jiƙe. Wanne zan ɗauka wanda zai kai ni daga damina zuwa damina? Kuma me zan ce wa matar nan?

Naki,
Malamin Gona Mai Tari, Maisandari

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ban yi dariya ba, sai dai a wurin bokitin Nnanna, shi ma ka yafe min.

Kafin maganar jaket, ka je asibiti a makon nan. Sukar haƙarƙari a jikin wanda ya kwanta da limoniya bara ba abin jira ba ne, kuma babu rigar da za ta warkar da abin da ya riga ya shiga.

Ni ban taɓa tuƙa babur ba, don haka na kai wasiƙarka wurin maƙwabcina Manasse, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana kai magunguna ƙauyuka a kan nasa. Abu na farko da ya ce shi ne ka daina neman riga ɗaya da za ta tare ruwa tsaf ta kuma bar iska ta wuce tsaf, domin ba a yi ta ba. Abin da ke kai mutum ƙarshen shekara a garin nan shi ne riga mai hawa-hawa, wadda za ka ƙara mata ka rage mata. Mu biyu mun tsaya a kan ruwan tokan nan mai raga. Ruwan lemon yana da nasa amfanin, ana hango mutum daga nesa, kuma dariyar manoma ba dalili ba ne. Amma watannin zafinmu sun ninka na ruwa, kuma ka riga ka nuna min halinka, rigar da ta dafa ka rataye ta za ka yi a wurin Ba'ana.

Sai dai kada ka karɓa ido rufe. Rigar ruwan ta ciki ita ce rayuwarka, ita za ka bincika. Ka juya ta ka duba ko an liƙe ɗinkinta ta ciki, ka sa Nnanna ya sake ɗauko bokitinsa ya zuba a kan zif da wuya da kafaɗu, domin ta nan ruwa ke satar hanya. Manasse ya ce in tana da yalwa ka riƙa ɗora ta a kan jaket ɗin in hadari ya haɗo, maimakon ƙarƙashinsa, don kada raga ta sha ruwa iska ta mayar da ita ƙanƙara a ƙirjinka. Ka hau babur a ƙofar shagon ka miƙa hannu ka kama kan babur ɗin, ka ga ko hannun rigar ya rufe wuyan hannunka, ko bayanta ya ɗage. Jaket ɗin ya tsaya a ƙugu, kada ya sauka cinya. Da sanyi ka sa suwaita a ciki, ba ka buƙatar wani abu. Ka kuma ajiye busasshiyar riga ɗaya a leda a ƙarƙashin kujerar babur, kullum.

Robobin nan kuwa, ba zan ce ka zubar da su duka ba. Hanyar Konduga tana da ramuka, faɗuwa ma tana kashe mutum. Ka nemi masu laushi irin na soso a kafaɗa da gwiwar hannu, ka cire na gadon bayan har Allah Ya kawo sauƙi. In ka hango shinge, inda ka kashe babur nan za ka tuɓe jaket ɗin gaba ɗaya ka shimfiɗa shi a kan kujera, ka tura da hannu biyu a bayyane. Minti biyar a cikin yayyafi ya fi abin da ka gani a Afrilu. Katin shaidarka ya bar aljihu daga yau, ka sa masa igiya ka rataya a wuya. Maganar hana babur kuma ka bar ta sai ta tabbata, ruwan gobe ba zai jira sanarwa ba.

Yanzu Gumsu. Na fahimci dalilinka, kuma na yarda tausayi ne ya sa ka, ba raini ba. Amma dubi inda tausayin ya kai. Ta ci mutuncin mutumin kirki a bainar kasuwa, ta dawo da kunya, yanzu tana zaune tana saƙa abubuwan da wataƙila sun fi gaskiyar muni. Bashin haƙuri biyu ne a kanka, nata da na Nnanna. Ka zaunar da ita yau ka faɗa mata komai, har da kwanciyar kan kwalta. Za ta yi kuka, za ta ce ka bar aikin, ka bar ta ta faɗa. In ta huce ku tafi shagon tare, ta ba Nnanna haƙuri, kai ma ka ba shi. Ka saka sabon jaket ɗin, ka sa ta koma nesa kamar taku talatin ta kalle ka yadda mai tsaron shinge zai kalle ka. In ta ce ta ga mutumin da ba ya ɓoye komai, ku ɗauka. Zaɓinta na farko bai yi kuskure a kan ruwa ba, hanyar ce ba ta sani ba, domin ka ɓoye mata.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi damuna. A garin nan yanzu, in mutum ya fita bai dawo ba, duk inda iyalinsa suka je nema, asibiti ko ofishin tsaro, tambayar farko ita ce wace riga ya sa. Wata uku ke nan da Gumsu za ta rantse da Allah ta ce baƙin jaket, a yi ta neman mai baƙin jaket, alhali kai kana can cikin kaftanin da ba ta san da shi kake tafiya ba. Kada ka ƙara barin ƙofar gidanka a cikin shigar da ba da ita za ka bi hanya ba.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya tsare ka a tafiya da dawowa, Ya kawo mana zaman lafiya a Borno. Ka gaida min Gumsu.

Anti Ammatullahi